Gani Daga Sama Bai Isa Ba, Sai Labari Ya Kai Ƙauye

A da, mai son sanin halin hadari sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ran 1 ga Afrilu 1960 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam mai suna TIROS-1, ya aiko da hotunan gajimare daga bisa. Tun daga sa'an nan aka shiga leƙen hadari ta bayansa.

Mu nan Afirka ta Yamma taurarin Meteosat na Turai ne ke dubanmu. An harba na farko a 1977. Suna can mil 22,000 da ɗoriya, suna juyawa daidai da juyin duniya, saboda haka kullum idonsu yana kan wuri guda. Wani daga cikinsu, wanda aka harba a 2022, yakan ɗauki hoto kowane minti 10. Har da dare suna aiki, gama zafi da sanyi suke aunawa. Gajimaren da kansa ya fi sanyi shi ya fi tsawo, shi ne kuma ya fi iska da ruwa. Ta haka ake bin hadari tun yana wajen Tafkin Chadi, ana ƙiyasta lokacin da zai iso Kano.

Amma fa hoto ba ya ceton rai shi kaɗai. A 1970 tauraro ya hango guguwar da ta nufi Pakistan ta Gabas, watau Bangladash ta yau. Gargaɗi bai kai mutanen gaɓar teku yadda ya kamata ba, aka rasa rayuka aƙalla 300,000. Bayan haka suka gina mafaka, suka horar da 'yan sa kai masu yawo da lasifika ƙauye-ƙauye. Da guguwar Sidr ta auko a 2007, hukuma ta ƙirga mamata kimanin 3,400.

To, mu ma ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya. Hukumar NiMet tana ba da sanarwa, amma tsakanin ofis da mai gona a fadama akwai tafiya. Wannan tafiya kuwa aikin akawu ne da malamin makaranta. Akawu ya miƙa gargaɗi ga hakimi da dagaci da Hausa, ranar da ya zo hannunsa. Malami ya koya wa yara ma'anarsa, su kai gida. Takardar da ta kwana cikin fayil ba ta amfani kowa ba.