Kafin ka canja sumo, ɗauki jarka da agogo



Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya zafin bazara ya kankama, wato daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, kuka ɗaya ke yawaita a Kujama, har zuwa Maraban Rido da sababbin unguwannin da ke bin hanyar Kachia: famfo ya yi sanyi, ruwa yana zuwa kamar fitsarin jariri, tankin da ake cikawa cikin awa ɗaya yanzu sai ya ci rabin yini. Abin da ke biyo baya ma kusan ɗaya ne. A kira mai gyara, ya buɗe famfo ya kalla, ya girgiza kai ya ce sumo ya gaji, a sayo babba. Maigida ya karya kuɗin makarantar yara ko na taki ya sayo. Bayan mako biyu ruwa ya koma yadda yake, wani lokacin ma ya fi da lalacewa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, a mafi yawan gidaje sumo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, kuma sayen wanda ya fi ƙarfi, a irin ƙasarmu ta nan, ya fi kusa da ɓarna fiye da gyara. Ba muna cewa inji ba ya lalacewa ba ne. Yana lalacewa. Amma tsakanin bakin famfo da ƙasan rijiya akwai wurare da dama da ruwa ke maƙalewa, kuma yawancinsu maigida da kansa zai iya dubawa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Tambayar farko ita ce: raunin daga tanki zuwa famfo ne, ko daga rijiya zuwa tanki? Abubuwa biyu ne daban, amma mutane na haɗa su. A gidajenmu inji ba ya tura ruwa kai tsaye zuwa banɗaki. Aikinsa ya ɗora ruwa a tanki, daga nan kuma nauyin ruwan ne ke gangaro da shi. Saboda haka idan tanki yana cika a kan lokaci amma famfo ba ƙarfi, babu ruwan sumo a maganar, ko da ka sa wanda ya ninka shi uku. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A wannan ɓangaren, ƙarfin ruwa tsayi ne kawai. Abin da ake lissafawa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin famfon da ka buɗe. Ka ɗora tanki a kan ƙarfe mai mita 3, kan shawa kuma yana mita 2 daga ƙasa, to mita ɗaya kake da shi, sai ɗan abin da ruwan cikin tankin ya ƙara, shi ma yana raguwa yayin da tanki ke sauka. Shi ya sa famfon tsakar gida ke zuba da ƙarfi, shawa kuma tana ɗiga. Wanda ya ƙara bene bai ɗaga tanki ba kada ya zargi kowa. Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi, lita 5,000 a ƙasa ba ta kai lita 1,000 a sama turawa ba.

Sai bututu. Wajen neman araha, gidaje da yawa an ja musu fayif mai rabin inci tun daga gindin tanki har kicin da banɗaki uku. Fayif mai inci ɗaya, faɗin bakinsa ya ninka na rabin inci sau huɗu, ba sau biyu ba. Abin da ya dace shi ne babban fayif ya sauko daga tanki, sai a bakin kowane ɗaki a rage. Araha ba ta ado. Haka kuma kowace gwiwa da aka sa a hanya tana cin nata rabon.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da har kunya ake ji idan an gano su. 'Yar ragar da ke bakin famfo ta cika da yashi. Ramukan kan shawa sun toshe da jan tsatsa, wanda duk mai bohol a yankin nan ya san shi a jikin bokiti da tayil. Bawul ɗin gindin tanki wani yaro ya murɗa shi rabi. Laka ta taru a ƙasan tanki ta rufe mafita domin an shekara uku ba a wanke ba. Ko tanki ya ƙare ƙaf iska ta shiga fayif, bayan an cika sai famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa. Idan famfo ɗaya ne ya yi rauni sauran lafiya lau, matsalar tana jikin wannan famfon, kada a wuce nan. Idan kuma ana zargin yoyo a ƙarƙashin ƙasa, a rufe duk famfuna da dare, a sa alama a jikin tanki inda ruwa ya tsaya, da asuba a duba. In ya sauka alhali ba wanda ya taɓa, to akwai inda yake zurarewa, kuma sau da yawa tukunyar masai ta zamani ce ke tsiyaya dare da rana ba a lura ba. Wannan yoyon ba asarar ruwa kaɗai ba ne: fayif ɗin da ya tsage kusa da kwata ko sokawe, idan ruwa ya yanke a cikinsa, ƙazantar waje na iya shiga ta nan, ita kuma za a sha.

To idan tankin ne ba ya cika fa? A nan jarka da agogo ke shigowa. A kunna inji, a tara jarka mai lita 25 a bakin fayif ɗin da ke fitowa daga rijiya, a duba minti nawa ta ɗauka. In ta cika a minti ɗaya, rijiyar na ba ka lita 1,500 a awa. In ta ɗauki minti uku, lita 500 ke nan. A rubuta. Sannan a bar injin ya ci gaba, a sake aunawa bayan minti goma, bayan ashirin, bayan rabin awa. Wannan ɗan awon shi ke raba gardama.

Idan tun daga farko ruwan a raunane yake kuma bai canja ba, to a dubi wuta da inji. Wutar da aka tsara wa waɗannan injuna tana tsakanin bolt 220 zuwa 240, mu kuwa mun san irin wadda ke iso mu da yamma lokacin da kowa ya kunna fanka da firji, ƙwan lantarki ma da ƙyar yake ja. Inji a kan raunanniyar wuta yana gurnani, yana zafi, ba ya kai gudunsa. A gwada shi da tsakar dare lokacin da wuta ta cika, ko a kan janareta mai isasshen ƙarfi. In ya dawo daidai, ba shi da laifi. A duba kafasta da ke cikin akwatin kunna shi, abu ne ɗan ƙarami mai sauƙin kuɗi, kuma idan ta yi rauni inji ba ya tashi da kyau. A kasa kunne a bakin bohol, in ana jin ruwa na zuba a ciki yayin da inji ke aiki, fayif ɗin da ke hawo da ruwan ya tsage ko mahaɗi ya saki, rabin abin da aka turo yana komawa inda ya fito. Masu sola kuma su hau su goge ƙurar hunturu daga kan farantan kafin su ce komai. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a yi maganar ciro sumo a ga ko yashi ya cinye fukafukansa.

Masu rijiyar hannu da suka ɗora mata injin da ke zama a sama, nasu lissafin daban ne. Irin wannan injin tsotsa yake yi, kuma komai ƙarfinsa ba ya iya tsotso ruwan da ya yi ƙasa da kamar mita 7 zuwa 8. Da damina ruwa na kusa, yana aiki. Da bazara ruwa ya sauka, sai ya tsaya yana kuka. Babban irinsa ma haka zai yi, domin iyakar ba ta injin ba ce.

Amma ga inda muka fi so a tsaya a yi tunani. Idan awon farko jarka ta cika a minti ɗaya, na biyu a minti biyu, daga nan ruwa ya fara fita da iska da laka ya yanke, sannan ka kashe ka bar shi awa ɗaya ka kunna ya sake zuwa da ƙarfi, to injinka lafiyarsa ƙalau. Rijiyar ce ba ta iya mayar da abin da yake kwasa. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙasar Kujama da yawancin Kudancin Kaduna a kan dutse take zaune, irin wanda muke gani ya ɓullo sama a wurare da dama a hanyar Kajuru. Ba kamar Maiduguri ko sassan Sakkwato ba ne, inda akwai shimfiɗar yashi mai kauri da ke riƙe ruwa a ƙasa. A nan ruwan yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa da shi. Shi ya sa gida biyu da katanga ta raba, ɗaya ya samu ruwa mai yawa ɗaya ya samu kaɗan, ya danganta da wanda ya faɗa kan tsaga. Ruwan sama ne ke cika wannan ma'ajiya, kuma daga ƙarshen Oktoba har zuwa Afrilu ba a zuba mata komai, ɗiba kawai ake yi. Ga shi shekarun nan mutane sun kwararo daga cikin garin Kaduna, gonaki sun zama filoti, kowane filoti da bohol ɗinsa, tsakar gida kuma an shafe da siminti da intalok, ruwan saman da zai nutse ya gangara kwata.

A irin wannan rijiya, babban sumo me zai yi? Zai kwashe abin da ya taru cikin minti biyar maimakon ashirin. Sannan ya ci gaba da juyawa babu ruwa, alhali ruwan ne ke sanyaya shi, sai ya ƙone. Kafin ya ƙone kuma fizgar da yake yi tana jawo yashi da laka cikin bohol, ta cinye shi ta toshe ragar kesin. Ka biya kuɗi ka sayi lalacewar rijiyarka. Abin bai tsaya a gidanka ba. Wannan saman ruwan da kake ja ƙasa, shi ne maƙwabciyarka mai rijiyar guga take ɗiba. Ita ba ta da kuɗin bohol. Idan rijiyarta ta ƙafe a Maris, 'yan garuwa za ta koma tana sayen jarka, ko ta tura 'ya'yanta rafi kafin makaranta. Katanga ta raba filoti amma ba ta raba ruwan ƙasa ba.

Mun san abin da wasu za su ce: kuɗina na sa na haƙa, a cikin filina, wa zai hana ni? Ba wanda zai hana ka, kuma ba mu zo da doka ba. Wasu kuma za su ce gidan haya ne da su mai ɗaki goma, ruwan minti ashirin ba ya isar su. Wannan gaskiya ne, kuma matsala ce ta gaske. Sai dai amsarta wurin ajiya ne. Rijiyar da ke ba da lita 400 a awa ba tare da ta yanke ba, in an bi ta a hankali awa takwas, lita 3,200 ke nan, jarka 128. Ƙaramin inji, ko a ɗan matse bawul ɗin fita yadda abin da ake ɗiba ba zai wuce abin da ke shigowa ba, a ƙara tanki na biyu, a sa na'urar da ke kashe inji idan ruwa ya yanke. Duk wannan bai kai kuɗin sabon bohol ba, wanda yanzu maganar miliyan ake yi. In akwai sauran zurfi, ana iya ƙara fayif a sauke sumo ƙasa kaɗan, amma kada a zaunar da shi a gindi cikin laka. Bohol ɗin da ya daɗe kuma ana iya wanke shi da kwamfuresa, sau da yawa yana farfaɗowa.

Sai dai sauke sumo yana buƙatar ka san zurfin rijiyarka, kuma nan ne muka fi rauni. Ka tambayi magidanta goma zurfin bohol ɗinsu, a mita nawa aka samu ruwa, a mita nawa aka rataye inji, lita nawa yake bayarwa a awa, da wuya biyu su amsa. An haƙa, ruwa ya fito, an yi murna, mota ta tafi. Alhali tun 2010 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar da ƙa'idar aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma mai haƙa na ƙwarai ya san cewa gwajin yawan ruwa da rubutaccen bayanin rijiya suna cikin aikinsa. Mu ne ba ma nema. Duk wanda zai haƙa daga yanzu, kada ya biya cikon kuɗi sai an yi gwajin a gabansa an ba shi takarda. Kuma wanda ke da zaɓi ya haƙa da bazara, domin ruwan da ka samu a Maris shi ne ruwanka na gaskiya, na Agusta kowa na da shi.

Ga masu yashe rijiyar hannu a wannan lokaci, don Allah kada a saukar da janareta ko injin fetur cikin rami, kada kuma a ajiye shi a baki yadda hayaƙi zai gangara. Hayaƙin ba ya ba da sanarwa, kuma wanda ya shiga ceto ba igiya shi ma yakan tafi.

Abin da muke roƙon mambobi shi ne kowane gida mai bohol ko rijiya mai inji ya yi awon jarka sau biyu, ɗaya yanzu cikin bazara, ɗaya a watan Satumba, ya rubuta tare da zurfin rijiyar in ya sani, da unguwar da yake. A kawo wa sakatariya a zama na gaba, za mu buɗe littafi. Idan gidaje hamsin suka kawo, wanda zai haƙa sabo zai san abin da zai tarar a layinsu kafin ya kira mota, mai gyara ba zai ƙara sayar wa gidan da rijiyarsa ke ba da lita 400 injin lita 3,000 ba, kuma ranar da za mu je sakatariyar ƙaramar hukumar Chikun ko hukumar RUWASSA neman bohol na unguwa, da alƙaluma a hannu za mu je. Wanda ba shi da agogo, wayarsa ta isa.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.