An fasa salula, me aka ba shi a madadinta?

Ƴan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau da ɓacin rai na zo, kuma na san wasu manyanmu ba za su ji daɗin maganar ba. Allah Ya ba su haƙuri.

Makon jiya na je gida Bande, na tarar an fasa wa wani ƙanena salula. Yaro ne ɗan shekara 16. Da kuɗin dakon rake ya saye ta, tsohuwar hannu, gilashinta ma a tsage. Laifinsa shi ne yana sauke kiɗan wasan gem, irin wanda masoya gem suke sake wa zubi su saka a intanet, abin da yara ke kira rimiks. Bai tsaya ga saurare ba. Ya ɗauki kiɗan Mario, ya naɗi kalangu a wajen wani biki, ya zauna da manhaja a wayar nan tasa yana yanka yana jerawa har kiɗan biyu suka hau kan juna daram. Ƴan fadarsu suka riƙa tura wa juna ta Xender. Ni da kaina na ji shi a wayar wani mai kabu-kabu a Magariya, ban ma san na ɗan gidanmu ba ne.

Kawunmu ne ya fasa ta. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, me yaron nan ya yi?" Ya ce, "Kai ma da ka yi boko sai ka tambaye ni? Kiɗan ƴan wasan yara, kiɗan da ba shi da asali, shi zai zauna yana ƙwaƙule-ƙwaƙule har tsakar dare?" Ban ja da shi ba, don ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Amma maganar ta fi ƙarfin gidanmu. Na ji irinta a bakin mushe a lakwal, na ji ta a bakin abokaina da muka gama jami'a tare a Damagaram. Don haka na kawo ta nan.

Mu fara da kiɗan da aka ce na banza ne. Wani Bajapane mai suna Koji Kondo ne ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985, da na'urar da ba ta iya fitar da sauti sai ƴan ƙalilan a lokaci guda. A 2023 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin jerin sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga. Masu sake masa zubi ma ba yau suka fara ba. Tun 1999 akwai dandalin OverClocked ReMix, inda masoya ke ajiye dubban irin waɗannan kiɗe-kiɗe, kowa ya sauke kyauta. A 2008 kamfanin Capcom ya fitar da sabon zubin wasan Street Fighter II, kuma ƴan wannan dandali ne suka yi masa kiɗa. Wato yaran da suka fara da ƙwaƙule-ƙwaƙule a ɗaki, su kamfani ya koma ya nema.

Za a ce ai can ƙasar wasu ce. To mu dawo gida Nijar. Mamman Sani ya ɗauki molon lantarki na Turawa, wanda ake kira ogan, ya buga kiɗan gargajiyarmu da shi, ya yi kaset a 1978. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye, iyayenmu suna ji suna gyaɗa kai, ba wanda ya ce ba shi da asali. Mdou Moctar ya naɗi faifansa Anar a Sakkwato a 2008, kuma ta salula ya yaɗu, daga memori zuwa memori, kafin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa ya saka a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Yau yana zagaya duniya da jitarsa. Akwai kuma Hama a Yamai, wanda ke haɗa kiɗan Sahel da kwamfuta, har ya fitar da faifan Houmeissa a 2019. In ka saurare shi za ka rantse daga cikin gem sautin ya fito. Ka ga hanyar da ƙanena ya hau, ƴan ƙasar nan sun riga sun bi ta sun kai.

Batun asali kuwa, mu ji tsoron Allah. Algaitar da ake busa wa Sarkin Damagaram, sunanta ma daga Larabawan arewa muka aro shi, yau wa zai ce ba tamu ba ce? Shekara nawa mawaƙan finafinan Kano suka yi suna ɗaukar karin waƙar Indiya suna sa mata Hausa, muna saye muna kallo a gidajenmu? Kiɗan Tetris da duniya ta sani, tsohuwar waƙar gargajiyar Rasha ce aka sake wa zubi. Haka kiɗa yake tun fil azal, yana yawo, kowa ya sa masa hannu. Yaron da ya ji kiɗan Japan ya ce bari in ɗora masa kalangu, wallahi ya fi son al'adarsa a kan wanda bakinsa kawai ke faɗin al'ada, alhali bai taɓa ba makaɗin garinsu ko dala ba.

Ban ce Kawu ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Yaron ya yi sakaci da karatu, ya kwana biyu yana makara lakwal, an kuma sha tashinsa sallar asuba da ƙyar. Waya tana cin lokaci, tana cin kuɗin data, kuma akwai ƙazanta a cikinta da ba mai son ɗansa ya gani. Duk wannan haka ne. Amma maganinsa a karɓe wayar da dare a mayar masa da rana, a ce sai ya kawo sakamako mai kyau. Fasa ta ba ta ƙara masa maki ko ɗaya ba. Abin da ya koya kawai shi ne duk abin da zai ƙirƙira nan gaba ya ɓoye wa na gida.

Ga inda raina ya fi ɓaci. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Wutar lantarki, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke samunta, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Yaronmu sai ya biya mai caji kafin wayarsa ta tashi, ya jira dare don ya samu intanet mai ɗan ƙarfi. A cikin wannan hali ya koya wa kansa naɗar sauti, da yanka shi, da daidaita bugu, ba malami ba littafi. Wannan sana'a ce da gidajen rediyo da masu biki da masu talla ke biyan kuɗi a kanta. Da rani in an gama girbi, me muka tanadar wa samarinmu? Zaman fada da shayi, ko cin rani Kano da Legas, ko hanyar Agadas da ta cinye mana mutane. Muna kukan ƙwaya ta lalata matasa, sannan wanda ya samo abin da ya ɗauke masa hankali daga ƙwayar, shi muke fasa wa kayan aiki. Laifi tudu ne fa, jama'a.

Ku kuma ƙannena masu wannan harka, ku ma akwai naku. Kiɗan nan yana da masu shi. Kamfanin Nintendo ya sha sa a cire kiɗansa daga YouTube, kuma doka tana bayansa. Ku saurara, ku koya, ku tura wa juna, amma kada ku sayar da abin da ba naku ba, kuma ku riƙa faɗin inda kuka ɗauko. In kun naɗi kalangun wani a biki, ku nemi izininsa, ku ambaci sunansa, in an samu wani abu a raba da shi. Mawaƙan Hausa sun daɗe suna kuka da masu tura waƙa a kasuwa, kada ku zama irinsu. Sannan ku je wajen tsofaffin makaɗan ƙauyukanmu, masu gurumi da ganga da kuntigi, ku naɗe su tun suna raye. Nan ne arzikinku yake, don babu wani ɗan Japan da zai riga ku zuwa can.

Ga hukumomin ƙananan hukumominmu na Magariya da Dungas, roƙon ba shi da yawa: ɗaki guda, farantin hasken rana, kwamfuta biyu ko uku, da babba mai kula. Gidajen rediyon karkara su ware ko rabin awa a mako su saka aikin yaranmu, iyaye su ji da kunnensu. Mu da muka yi boko kuma mu daina yi musu kallon raini.

Na saya wa ƙanena wata salular, bisa sharaɗin da na yi da Kawu cewa ƙarfe goma na dare tana hannun Inna. Memorin ya tsira, aikin yana nan. Duk wanda ya san yaro a garinsu mai irin wannan baiwa, ya sanar da mu, mu haɗa su su san juna.