Inshorar bashi: An cire kuɗin tun ranar farko, me ya sa ake hana diyya ranar asara?

Katin bashi irin wanda Turawa ke cefane da shi bai yi yawa a aljihun 'yan kasuwar Jega ko manoman albasar Aliero ba. Amma abin da ake liƙa masa a can, wato inshorar da aka ce za ta biya wa mutum bashinsa idan ya gaza, ya daɗe da shigowa Kebbi ta wata ƙofa. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Maiyama da ya ci bashin albashi yakan tarar an zabge wani abu da sunan inshora kafin kuɗin su shiga asusunsa. Haka ma manomin da ya karɓi rancen noma. Ba a cika tambayar ko ta mece ce ba, domin mai neman bashi idonsa na kan abin da zai karɓa. Sai ranar da asara ta auku, aka ce ba za a biya ba, sannan ake neman takardar da ba a taɓa gani ba.

Kebbi ta san wannan fiye da yawancin jihohi. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya ranar 17 ga Nuwamban 2015, kuma kuɗin inshorar amfanin gona na cikin lissafin rancen, galibi a hannun kamfanin inshorar noma na gwamnati, NAIC. Da ambaliyar 2020 ta shafe fadamun jihar, rahotanni sun ambaci kimanin hekta 450,000 na shinkafa da ruwa ya cinye. Wannan ita ce ranar da aka sayi inshorar dominta. Duk da haka, muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga manoman da ba su biya ba: Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai na rancen aka mayar, Babban Banki ya musanta, ya ce sun haura kashi 52. An yi ta jayayya kan abin da manomi ya riƙe. Tambayar nawa inshora ta sauke masa daga bashin ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Tushen rikicin yana cikin yadda aka gina yarjejeniyar. Mai cin bashi ne ke biyan kuɗin, amma banki ne ke zaɓen kamfani, shi ke riƙe takarda, kuma idan diyya ta fito shi ake fara biya. Wanda aljihunsa ya yi ciwo bai san sharuɗɗan ba, su kuwa sharuɗɗan nan da su ake kayar da shi.

Inshorar noma yawanci kan tsaya ga kuɗin da aka zuba a gona, ba ribar da aka sa rai ba, kuma tana bukatar a sanar da asara cikin 'yan kwanaki don jami'i ya zo ya gani da idonsa. Manomin da ruwa ya raba da gidansa, wanda ke neman inda iyalinsa za su kwana, ba rubuta wasiƙa ce gabansa ba. Kafin ya farfaɗo wa'adi ya wuce. Na Aliero kuma tasa matsalar daban ce: babbar asarar albasa ba a gona take ba, a rudu take, inda take ruɓewa ana jiran farashi ya tashi, alhali kariyar amfanin gona ta kan ƙare da girbi. Shi kuwa ma'aikaci, inshorar bashinsa kan shafi mutuwa da naƙasa ta dindindin, wani lokaci da kora daga aiki. Jinkirin albashi, ko dakatar da shi saboda tantance ma'aikata, wanda shi ne abin da ya fi faruwa, ba ya ciki.

Akwai wani dalilin ƙin biya da ya fi waɗannan ɗaci. Sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003 ya kafa ƙa'idar cewa in kuɗi bai isa hannun kamfani ba, babu kariya. Ma'ana, idan mai ba da rance ya cire kuɗin amma bai miƙa ba, kamfani na da hujjar juya baya, ko da yake mai bashin bai yi laifin komai ba. A irin wannan hali ƙarar ba ta kamfanin inshora ba ce, ta wanda ya cire kuɗin ce. Magada da yawa ba su san ma mamacinsu na da inshora ba, sai su sayar da gona ko dabba su biya bashin da ya kamata ya faɗi da mutuwarsa.

Kalmar “ba za a biya ba” da ma'aikacin banki ya furta a kan kanta ba hukunci ba ce. Abu na farko shi ne a nemi dalilin a rubuce, tare da sunan kamfanin, lambar yarjejeniya da shaidar ranar da aka miƙa kuɗin. Bayanin asusu da ke nuna cirewar shi ne babban makami. Ƙa'idar Babban Banki ta ce a fara kai koke ga bankin, a karɓi lambar koken, in mako biyu suka wuce ba a warware ba a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Idan kamfanin inshora ne ya ƙi, hukumar NAICOM ce ke sauraro. A gefe kuma akwai hukumar kare masu saye, FCCPC. Jinkiri na da tsada: tun Agustan 2020 bankuna ke da izinin bin lambar BVN su kwashi kuɗin wanda ya gaza biya daga asusunsa na wasu bankuna, saboda haka ɗan kasuwar Jega na iya wayar gari jarinsa ya tafi alhali kokensa na kan tebur.

Ƙofofi uku ke nan, kuma a nan raunin yake, domin kowace na iya nuna ɗayar. Birtaniya ta sha irin wannan da inshorar da ake kira PPI, wadda bankuna suka liƙa wa katunan bashi da rance na miliyoyin mutane, har da waɗanda sharuɗɗan suka hana su cin moriyarta tun farko. Abin da ya juya lamarin shi ne ofishi guda mai raba gardama kyauta, wanda hukuncinsa ke ɗaure banki, sai kuma hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2014 a shari'ar Plevin, inda aka gano fiye da kashi 70 na kuɗin inshorar la'ada ce da ba a gaya wa mai bashin ba. Kafin a gama, bankunan sun mayar da sama da fam biliyan 38, aka rufe karɓar koke ranar 29 ga Agustan 2019.

Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Agustan 2025 ta ƙara jarin da ake bukata daga kamfanoni, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora. Wannan zai taimaka inda kamfani ya rasa kuɗin biya. Bai taɓa inda aka fi cutuwa ba, wato teburin da ake sa hannu. Tsarin takaful, wanda mutane da yawa a yankin suka fi natsuwa da shi saboda addini, shi ma yana da nasa sharuɗɗan da wa'adin sanarwa. Muddin ba a tilasta wa mai ba da rance ya miƙa wa kowane mai bashi takarda shafi guda, da Hausa, mai ɗauke da sunan kamfani, abin da aka kare, abin da ba a kare ba da kwanakin kai rahoto, ƙungiyoyin manoman albasa da shinkafa da na ƙwadago ne kaɗai ke da nauyin da za su nemi wannan takarda kafin mambobinsu su sa hannu a rancen damina mai zuwa.