Binciken Ƙasarmu, Bugun Ƙasar Wasu

Sanin kowa ne cewa akwai zane-zanen shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da sauransu, shanu marasa tozo, irin waɗanda ba Bafulatanin da ke kiwonsu a wannan yanki yanzu. Akwai kuma duwatsun da in aka buga su sai su yi amo kamar kuge. Mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni, amma ba su shiga lissafin masana ba sai da wani Bature, Bernard Fagg, ya je ya gani a 1955, ya rubuta, mujallar Man ta birnin Landan ta buga a 1956. Daga ranar nan aka ce an gano su. Fagg ya yi aikinsa, ba mu ga laifinsa ba. Abin lura shi ne, a fagen ilmin boko abin da ba a buga ba tamkar ba a yi shi ba ne, kuma wanda ya sami ɗab'i shi ke tafiya da suna.

To, 'yan'uwa ɗalibai, yau shekara wajen saba'in ke nan, ina muka kwana? Jihar Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga likitoci a asibitin tarayya na Birnin Kudu. Kowace shekara muna fita da takardun tambayoyi zuwa Sundimina da ƙauyukan Gwaram, mu tare manomi a gindin bishiya, mu tambaye shi buhu nawa na riɗi ya samu, taki nawa ya zuba, rijiya nawa ta ƙafe. Ya ba mu lokacinsa, har ya ba mu fura. Mu dawo mu rubuta, a ɗaure kundi da baƙin bango, a jera a kanta, gara da ƙura su raba gādo. Manomin nan ba zai ƙara jin ɗuriyarmu ba har abada.

Malamin da ya so ya fitar da binciken nan duniya kuwa, sai ya tarar an gicciya masa sanda. Masu ƙarin girma sun fi girmama takardar da ta fito a mujallar waje, mujallun waje kuma da dama sun koma karɓar kuɗi daga hannun marubuci in yana son kowa ya karanta kyauta. A 2021 mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a kan takarda guda. Matsakaitan ma sukan nemi dala 2,000 ko fiye. Alhali kuwa bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake saye kusan Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙaramin malami ko ya tara albashinsa na shekara bai taɓa ba, ba zai biya wa Nature ba. Kafin ma a kai ga kuɗi, edita yana iya mayar da takardar ya ce batun riɗin Gwaram na gida ne, bai shafi masu karatunsa ba, ko ya ce a je a gyara Turanci, gyaran ma na kuɗi ne.

Da ƙofa ta ƙi buɗuwa sai aka koma hawan katanga. Mujallun bogi suka cika intanet, ka biya yau, jibi a buga, ba mai duba ko layi ɗaya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka fi faɗawa wannan rami. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙaga takardar bincike mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Wani abin takaici, sunayen marubutan da ya ƙaga da cibiyoyinsu duk na Afirka ya sa. Watau ko mai gwajin ƙarya, da rigarmu ya fita.

Ra'ayinmu shi ne, gyaran na hannun majalisun jami'o'inmu, ba na hannun editan Landan ba. Magabatanmu sun kafa Kano Studies a 1965, da Savanna a Zariya a 1972, da Harsunan Nijeriya a Kano, a lokacin da ba kwamfuta, sai tafireta da gidan waya, kuma har Turawa suna aiko musu da rubutu. Mujallar gida ba ta rasa daraja don ta gida ce ba, ta rasa ne inda ta daina fita a kan kari, ko inda aka bar sanayya ta maye gurbin tantancewa. Tun da TETFund tana ware kuɗi don mujallun jami'o'i, a sa sharaɗi: mujalla ta fita a lokacinta, masu tantancewa su fito daga wata jami'a dabam, a ɗora ta a AJOL, ma'ajiyar mujallun Afirka da aka fara a 1998, sa'an nan a ba ta cikakken maki wajen ƙarin girma. Muna kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta kai wa majalisa buƙata guda: duk kundin da aka rubuta a kan wani gari, a yi masa taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, a kai kwafi ofishin gona na ƙaramar hukuma da fadar dagacin garin kafin a sa wa ɗalibi hannu.