Yaron Da Aka Ba Bulala

A kusan kowace lakwal ta ƙasar Nijar akwai wani yaro, ko yarinya, wanda kafin mushe ya gama rubuta lissafi a allo ya riga ya sami amsa. Me ake yi da irin wannan yaro? Sai a miƙa masa bulala, a ce ya tsare aji, ya rubuta sunayen masu surutu. Daga CI har CM2, shekara 6, aikinsa ke nan. Ƴan'uwansa su tsane shi, shi kuwa ya saba da ci ba wahala. Ran da ya shiga kwaleji ya gamu da abu mai wuya, sai ya karai, gama ba a taɓa gwada ƙarfinsa ba.

Waɗansu shugabanni, har da na makarantun Mishan, suna cewa ba lokacin wannan zance ba ne. Wai yara suna karatu a rumfunan zana, har gobara ta ci yara fiye da 20 a wata makaranta a Maradi cikin Nuwamba 2021, ina zancen masu baiwa? Gaskiya ne, abin kuka ne. Amma hana yaro mai kai littafi bai taɓa gina aji ko ɗaya ba.

Waɗansu kuma su ce dukan yara ɗaya suke a gaban Allah. Ɗaya suke ga daraja, i. Amma a cikin misalin talanti, Matiyu sura 25, ba a raba wa bayin nan daidai ba, kuma wanda aka hukunta shi ne wanda ya binne nasa. Yaro mai shekara 8 ba shi da ikon binne baiwarsa. Manya ne ke haƙa ramin.

Nijeriya ta buɗe makarantar masu hazaƙa a Suleja, ta sakandare ce, ƴan kaɗan take ɗauka. Ɗan ƙauye ba zai jira irin wannan ba. Tsallake aji ma ba magani ba ne kullum, sau da yawa jefa ƙaramin yaro ake yi cikin manya.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Idan yaron ya gama aikinsa, a ba shi mai wuya, ba irin na dā sau goma ba. Ya auna gonar makaranta. Ya bi farashin tiyar hatsi daga kaka zuwa bazara, ya lissafta ribar mai ajiya. Ya rubuta tarihin garinsu daga bakin tsofaffi, da Hausa, ya juya shi Faransanci. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Zinder, ba sabon abu ba ne.

Ɗakunan sujada suna kulle ran Asabar da yamma, ga kujeru, ga allo, ga malaman da suka yi ritaya zaune a gida. A buɗe su ga ɗan Kirista da ɗan Musulmi. A fara da ƴan mata, domin su ake fara cirewa a ɗora musu farantin talla.