FILIN ƘARA SANI: Ƙarfin katakon matsi yana ga danƙonsa

Wani manomi na karkarar Maradi ya tashi aurar da ɗiyarsa bayan kaka. Ya sayar da raguna biyu da buhu uku na wake. Ya shiga birni ya sayo gado da armuwar, wato kabad na ajiyar tufafi. Kayan suna ƙyalli, launinsu kamar na itacen maɗaci. Ranar jere mata suka yi ta guɗa.

Damina ta zo. Cikin watan Agusta ruwa ya kwana yana zuba. Indararo ya toshe, ruwa ya shiga ɗakin amarya. Bayan kwana uku gindin armuwar ya kumbura kamar burodin da aka tsoma cikin shayi. Ƙusoshi suka saki, ƙyaure ya faɗi. Dangin ango suka fara ƙananan maganganu. Amarya ta zo gida tana kuka.

Manomin ya ɓalli guntu ya kai wa wani tsohon kafinta. Ya ce: "Maigida, dubi abin da aka sayar mini. Wannan itace ne ko dussa?"

Kafinta ya murza guntun, ya marmashe a hannunsa. Ya ce: "Malam, itace ne, amma niƙaƙƙe. Kuma ba itacen ya ci amanarka ba. Danƙon da aka haɗa shi da shi ne ba ya shiri da ruwa."

Maganar kafinta gaskiya ce. Ita ce darasin wannan wata.

MINE NE KATAKON MATSI?

Nijar ba ta da manyan dazuzzukan katako. Giginyar Dallol Mawuri ta wajen Gaya tana ba da azara, amma ba a yin tebur da ita. Yawancin katakon da ke kasuwa daga waje yake zuwa, kuma yana da tsada. Shi ya sa kafintoci da yawa suke aiki da katakon matsi.

Katakon matsi ba a tsaga shi daga gungume ba. A masana'anta ake yin shi. Ana daddatsa itace, a busar, a fesa masa danƙo, a shimfiɗa. Sa'an nan a danne shi tsakanin manyan ƙarafa masu zafi. Zafin yakan kai digiri 200, wato ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Cikin ƴan mintoci sai ya fito falle guda, shimfiɗaɗɗe.

Akwai iri huɗu da aka fi sani:

1. Mai falle-falle, wanda kafintoci ke kira kwantarfilake. Siraran fallayen itace ne aka liƙa bisa juna.
2. Mai ɓarɓashi. In an duba bakinsa ana ganin tsaki-tsaki. Irinsa ne manomin nan ya saya.
3. Mai laushi, wanda ake rubutawa MDF. Itacen an mai da shi kamar auduga kafin a matse.
4. Mai manyan sassaƙe, wanda ake rubutawa OSB. A Turai da Amurka da shi ake yin bango da daɓe da rufin gidaje.

Masana'antar farko ta katako mai ɓarɓashi an buɗe ta a Biremen, ƙasar Jamus, a 1941. Lokacin ana yaƙi, itace ya yi wuya. Sai aka nemi dabarar amfani da abin da a da ake zubarwa.

DANƘO IRI-IRI NE

Kowane magini ya san wannan: bango biyu, ƙasa ɗaya, magini ɗaya. Guda an yi masa yaɓe da makuba, guda ba a yi ba. Damina ita ke nuna bambancinsu. Haka katakon matsi yake. Danƙo shi ne makubarsa.

Danƙo na farko shi ne mafi araha. Ana yin shi da abu biyu. Guda manoma sun san shi sarai: ure, farin takin zamanin nan mai kama da gishiri. Na biyu shi ne formol, maganin nan mai yaji a hanci da ake aiki da shi a asibiti. Wannan danƙo yana riƙewa da kyau in wuri busasshe ne. Amma laima da zafi suna warware shi sannu a hankali. In ya warware, ɓarɓashin itace ya sha ruwa, ya kumbura, ba ya sake komawa yadda yake. Wani lokaci ana ƙara masa wani sinadari mai suna melamin don ya ƙara jure laima.

Wannan danƙo yana da wani aibi kuma. Yana sakin warin formol cikin ɗaki, musamman in katakon sabo ne kuma ana zafi. Warin yana sa ƙaiƙayin ido da tari. A 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa formol cikin abubuwan da ke iya kawo wa mutum ciwon daji.

Danƙo na biyu ana kiran shi fenol. Launinsa ja ne mai duhu. Yana jure ruwa ƙwarai. Da shi ake yin kwantarfilake na waje. In an duba bakin irin wannan katako ana ganin layuka masu duhu tsakanin fallayen.

Danƙo na uku shi ne izosiyanat. A takarda ana rubuta shi da haruffa uku: MDI.

DANƘON DA RUWA KE ƘARA WA ƘARFI

Sunan baƙo ne, amma danginsa suna cikin gidaje da yawa. Katifar soso da izosiyanat ake yin ta. Haka kumfar da ke cikin bangon firji, da tafin wasu takalma. Wani masani na Jamus mai suna Oto Bayer shi da abokan aikinsa suka gano wannan hanya a 1937, a garin Lebakuzen. A shekarun 1970 masana'antun Jamus suka fara haɗa katako mai ɓarɓashi da shi. Yau ana aiki da shi sosai wajen yin OSB, da kuma wasu irin MDF da mai ɓarɓashi.

MDI ruwa-ruwa ne, launin ƙasa-ƙasa, kamar mai. Ga yadda yake aiki. Kowane itace, ko ya bushe, akwai sauran laima cikinsa. In ƙarafa masu zafi suka danne shi, laimar nan ta zama tururi. Da MDI ya gamu da tururin sai ya daskare, ya zama wani abu mai tauri. Kafin ya daskare ya riga ya shige cikin ƙananan ƙofofin itacen, ya kama shi ta ciki.

A gwada ƙaro da siminti. Ƙaro in ya sha ruwa narkewa yake. Siminti kuwa ruwa ne ke sa ya yi ƙarfi, kuma in ya kama, ruwa ba ya sake narkar da shi. MDI halin siminti gare shi.

Amfaninsa uku ne. Na ɗaya, katakon ba ya saurin kumbura, kuma yana ɗaukar nauyi. Na biyu, ba a sa formol cikinsa. Na uku, kaɗan ke isa. Cikin kilo 100 na busasshen itace, wajen kilo 3 zuwa 5 na MDI sun wadatar. Danƙon ure kuwa sai an zuba wajen kilo 8 zuwa 12.

To, mi ya hana kowa ya koma gare shi? Kuɗi ne. Kilonsa ya fi na danƙon ure tsada nesa ba kusa ba. Kuma ba ya zaɓen abin da zai kama: har ƙarafan matsi yake liƙewa, sai an shafa musu wani magani. Ban da haka, tun yana ruwa yana da haɗari. Ma'aikacin da ke shaƙar feshinsa yana iya kamuwa da ciwon fuka. Shi ya sa ake fesa shi cikin rufaffen inji. Amma in ya riga ya daskare cikin katako, wannan haɗari ya wuce.

KARA DA BUNU SUNA ZAMA KATAKO?

Suna zama. Duk wanda ya taɓa karan alkama ko na shinkafa ya ji santsi a bayansa. Wani irin kaki ne da ke hana ruwa shiga. Danƙon ure ba ya kama wannan santsi da kyau, amma MDI yana kamawa. Saboda haka aka iya yin katako da karan alkama, da na shinkafa, da totuwar rake.

Amma a ji wannan labari. A 1998 aka buɗe babbar masana'antar katakon karan alkama a garin Eli, cikin jihar Manitoba ta ƙasar Kanada. Manoma suka samu kasuwar kara. Katakon ya yi kyau. Amma ciniki bai biya ba. Masana'antar ta sauya hannu a 2001, aka rufe ta a 2005. Kara ba ya da nauyi amma yana cin wuri. Tara shi, da ɗaukarsa, da ajiye shi shekara guda ba tare da ya ruɓe ba, duk kuɗi ne, ga kuma tsadar danƙo.

A nan ƙasar kuwa kara ba shara ba ne. Karan gero da na dawa abincin dabbobi ne da rani. Da su ake yin danni da rumfa. Wanda aka bari a gona yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana zama taki. In wata rana aka zo neman kara da kuɗi, manomi ya fara lissafa abin da gona da shanu za su rasa.

ABIN DA MAI SAYE ZAI YI

Ido ba ya ganin danƙo. Fenti da takardar ado da ake liƙawa suna ɓoye komi. Amma akwai dabaru.

1. A duba baki da bayan katakon, inda ba a shafa fenti ba. A nan ake gane ko mai ɓarɓashi ne, ko mai falle-falle, ko itace tsantsa.

2. A nemi rubutu. A nan karatu yake rana. P5 ko CTB-H a kan mai ɓarɓashi suna nufin an yi shi don wuri mai laima. OSB/3 haka nan. CTB-X a kan kwantarfilake na nufin na waje ne. E1 na nufin warin formol ɗinsa kaɗan ne. Wasu masana'antu suna rina katako mai jure laima da kore, amma kore alama ce kawai, ba shi ne maganin ba.

3. Katako da yawa ba su da rubutu. Sai a yi gwajin ruwa. A roƙi kafinta ya yanko guntu biyu daga falle ɗaya, kowane santimita 5 tsawo, 5 faɗi. A nutsar da guda cikin kwanon ruwa awa 24, wato daga safiya zuwa wata safiya. A ajiye guda a bushe. Kashegari a jera su. In jiƙaƙƙen ya ɗan tashi kaɗan kuma farce ba ya marmashe shi, katako ne na kirki. In ya kumbura yana zubar da tsaki, kada a kai shi ɗakin da ruwa ke iya shiga. Irin wannan gwaji ake yi a masana'antun Turai, sai dai su da ma'auni suke aunawa.

4. Jure laima daban, zama cikin ruwa daban. Ko da MDI aka haɗa shi, itace itace ne. A ɗora ƙafafun kaya bisa bulo ko dutse. A janye su daga jikin bangon ƙasa. A shafe duk bakin da aka yanka da fenti, don ta nan ruwa ke shiga.

5. Danƙo ba maganin gara ba ne. A riƙa duba ƙarƙashin kaya.

6. In sabon kaya yana wari mai yaji, a bar shi a rumfa ya sha iska ƴan kwanaki. A riƙa buɗe taga, balle in akwai jariri.

7. Kada a yi girki ko gashin nama da guntayen katakon matsi, kowane iri ne. Hayaƙin danƙo da fenti guba ne. Kafinta da yaransa su yi yanka a fili, su rufe hanci da baki saboda ƙura.

Wannan shawara ba ta kayan aure kaɗai ba ce. Ta shafi ƙyauren ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma, da akwatin kuɗi, da benci da allon makarantar yaƙi da jahilci. Kuɗin jama'a ne, a tambaya kafin a biya.

Manomin nan ya biya kafinta aka sauya gindin armuwar da itace tsantsa, aka ɗora shi bisa bulo huɗu. Kuɗin gyaran ya cinye masa akuya guda. Yana da sauran ɗiya biyu a gida. Kafin ya tafi ya ce wa kafinta: "Maigida, in Allah ya kai mu auren ƙanwarta, da kwanon ruwa zan zo kasuwa." Kafinta ya yi dariya ya ce: "Ka zo da ɗanka mai karatu ma, Malam. Araha ba ta ado."

A karanta wannan fili da ƙarfi a makaranta da dandali, don waɗanda ba su iya karatu ba tukuna su ji. A rubuta haruffan nan a allo: P5, OSB/3, CTB-H, CTB-X, E1. Kowa ya kwafe su cikin littafinsa, ya riƙe ranar kasuwa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.