Kamfanonin talla a Najeriya: Aiki yau, biya sai bayan watanni

Daga waje, aikin kamfanin tsara talla abin sha'awa ne: matasa da kwamfutoci, hulɗa da taurarin fim, da ganin abin da mutum ya zana a kan allunan manyan tituna. Sai dai babbar damuwar ma'aikatan wannan sana'a a yau ita ce yaushe kuɗin aikin zai shigo.

Matsalar tana farawa tun kafin a ba da kwangila. Mai kaya, banki ne ko kamfanin sadarwa, yakan gayyato kamfanonin talla da dama su gabatar da dabarunsu. Kowanne zai shafe makonni yana aiki dare da rana, a ƙarshe a ɗauki ɗaya. Wanda ya yi nasarar ma bai huta ba, domin sau da yawa shi zai ɗauki nauyin masu ɗaukar hoto da 'yan wasa, sannan ya jira wata uku ko fiye kafin a biya shi. A zahiri ƙaramin kamfani ne ke bai wa babba bashi ba tare da riba ba, kuma idan asusu ya bushe, albashin ma'aikata ne ke fara jinkiri.

Wannan ne ya sa hukumar APCON ta fitar da ƙa'idoji a watan Oktoban 2021, waɗanda suka wajabta biya cikin kwana 45, tare da biyan ladan gabatar da dabara. Dokar 2022 ta mayar da hukumar ARCON, ta kuma ƙara mata ƙarfi. Ƙungiyar masu ba da talla, ADVAN, ta nuna adawa, tana ganin gwamnati na tsoma baki a cinikin 'yan kasuwa biyu. Hujjar tana da ƙarfinta, amma ta kau da kai daga bambancin ƙarfi tsakanin ɓangarorin. Kamfanin da ya kai ƙarar mai ba shi aiki ya san da wuya a sake kiransa, don haka yawanci haƙuri ake yi.

Faɗuwar naira ta ƙara tsananta lamarin. Dalar da ke kusan naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Kuɗin da aka jira wata uku ya riga ya zaizaye, alhali wasu manhajojin zane da dala ake lissafinsu. A 2023 ne kuma GSK da Procter & Gamble suka sanar da rage harkokinsu a ƙasar.

Akwai inda ƙofa ta buɗe. Haramcin amfani da fuskoki da muryoyin baƙi a tallace-tallace, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2022, ya samar wa 'yan gida aiki. Marubucin da ya iya tsara talla da Hausa tun daga tushe yana da daraja, ganin yadda fassarar da ake yi daga Legas ke yawan fitowa a karkace. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya jiran wani kamfani. Kai tsaye yake biyan mai tarin mabiya a TikTok, a ɗauki bidiyon atamfarsa da safe, masu saye su fara kira kafin la'asar.